Bikin Nowel a lakwal: tambayoyin da iyayen yara ke yi a Yamai

Da sanyi ya kankama a Yamai, leɓunan yara suka fara tsagewa, sai ka tsinci ƴar takarda a jakar ɗanka tsakanin kaye da allo: za a yi bikin Nowel, wato Kirsimeti, a kawo karo-karo, a kawo kado, wato kyauta. Na yi shekara 14 ina riƙe da ƙananan azuzuwa, da farko a wata lakwal, wato makaranta, ta ƴan mishan, daga baya a ta kuɗi, yanzu kuma ina cikin ƙungiyar iyayen yara a lakwal ɗin autana. Ni Musulma ce, na faɗa tun yanzu don mai karatu ya san inda nake tsaye. Ga tambayoyin da iyaye suka fi tare ni da su a bakin ƙofa, da amsar da nake ba su.

Wai me ake yi a wannan biki, kuma yaushe ake yinsa?

A bakin malamai za ka ji ana cewa "arbir di Nowel", wato itacen Nowel, amma abin da ake nufi shi ne taron yara na rufe zangon farko. Ana yinsa bayan an gama jarrabawa, galibi tsakanin bikin Jamhuriya na 18 ga Disamba da ranar da za a sallami yara hutu. Ba a yinsa ranar 25 ga Disamba kanta, domin a lokacin lakwal a rufe take.

Tsarin ba ya da nisa da juna daga wannan lakwal zuwa waccan. A share fili, a kafa rumfa, a shimfiɗa tabarmi. Kowane aji ya fito da abin da ya shirya, waƙa ko hadda ko ɗan wasan kwaikwayo ko rawa. Sai ci da sha, sai rabon kado, wanda wani lokaci mutum mai jar riga da farin gemun auduga ke yi. Awa biyu zuwa uku an watse.

Kowace lakwal ce ke yi?

A'a. A lakwal ta gwamnati da wuya ka ji zancen, haka ma a makarantun da ke haɗa Faransanci da Larabci. Inda aka fi yinsa shi ne makarantun ƴan mishan, da wasu masu zaman kansu, musamman sashen jardan na ƴan ƙanana da azuzuwan CI da CP, wato aji ɗaya da aji biyu. Al'adar Faransawa ce ta rage mana, don har wasu ma'aikatu kan shirya irinsa wa ƴaƴan ma'aikatansu. Makarantu da dama yanzu sun sauya masa suna zuwa bikin ƙarshen shekara, suka cire itacen da mai jar riga, suka bar waƙa da kyauta.

Ƙidayar 2012 ta nuna Musulmi sun haura kashi 99 cikin 100 na mutanen Nijar, saboda haka ko a lakwal ta ƴan mishan yaranmu ne suka fi yawa a aji. Kiristocin kuwa ba baƙi ba ne duka, kamar yadda wasu ke zato. Akwai ƴan Benin da Togo da Burkina, amma akwai Hausawa na asali daga wajajen Maraɗi da Dogon Dutsi da Galmi, inda asibitin mishan yake tun 1950. Na koyar da ƴaƴansu, da Hausa suke addu'a a gida.

Wane ne Papa Nowel ɗin nan? Wani waliyyinsu ne?

Tushen labarin wani limamin Kirista ne mai suna Nikolas, wanda ya rayu a ƙarni na 4 a garin Mira, cikin ƙasar Turkiyya ta yanzu. An san shi da kyauta a ɓoye ga mabukata, kuma a wasu ƙasashen Turai har yau ranar 6 ga Disamba ake ba yara kyauta da sunansa. Tsohon nan mai tumbi da jar hula kuwa daga baya aka ƙera shi, a tatsuniyoyi da zane-zane da tallan ƴan kasuwa, musamman a Amurka. Ba ya cikin Linjila, ba a bauta masa, kuma ba kowane Kirista ke son ganinsa ba. A Disamban 1951 an taɓa ƙona mutum-mutuminsa a gaban babbar majami'ar garin Dijon a Faransa, don malaman majami'a na ganin ya janye hankalin yara daga ainihin bikin.

Itacen ma haka, daga ƙasar Jamus al'adar ta bazu. A nan wasu na sayen na roba, amma mafi kyan da na taɓa gani busasshen reshen dogon yaro ne da aka kafa cikin bokitin yashi, yara suka rataya masa auduga da takardu masu launi da suka yanka da hannunsu.

To me ya haɗa kyauta da haihuwar Annabi Isa?

A Linjila an ba da labarin wasu masana daga gabas da suka kawo wa jaririn zinariya da lubban da mur. Daga nan Kiristoci ke ɗauko dalilin kyautar. Ranar 25 ga Disamba kuma, shaida mafi tsufa da ake da ita ta yin bikin a wannan rana daga birnin Rum take, a shekara ta 336. Kiristocin Habasha da Kibɗawan Masar sai 7 ga Janairu suke nasu.

Ni Musulmi ne. Ya halatta in bar ɗana ya je?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi mini, ana kuma yinta da murya ƙasa-ƙasa. Ni ba mai fatawa ba ce. Abin da na sani shi ne malamai sun saɓa. Wasu sun hana halartar duk taron da ke ɗauke da sunan idin wani addini, ko da babu ibada a ciki. Wasu sun raba tsakanin shiga ibada, wanda ba wanda ya yarda da shi, da zaman cin abinci da karɓar kyauta don kyautata maƙwabtaka. Su kan kafa hujja da aya ta 8 a Suratul Mumtahana, da kuma cewa Manzon Allah (SAW) ya karɓi kyautar Muƙauƙis, sarkin Masar, wanda Kirista ne.

Kafin ka je wajen malaminka, je wajen darakta ka tambayi abin da ke cikin shirin, dalla-dalla. Za a yi addu'ar majami'a? Waɗanne waƙoƙi aka koya wa yara, me suke cewa? Za a yi wasan haihuwar Annabi Isa, wa zai fito a ciki? Waƙar da ke zancen sanyi da kyauta daban, wadda ke ɗauke da aƙida daban. In ka kai wa malam tambaya da cikakken bayani, amsar da za ka samu ta fi ta wanda ya je da "an ce". A lakwal ɗin mishan da na yi aiki, yaran Kirista kaɗai ke fitowa a wasan haihuwar, kuma babu wanda ya taɓa jin haushin uban da ya tambaya.

Na yanke shawarar ba zai je ba. Yaya zan yi kada abin ya yi masa ciwo?

Haƙƙinka ne, kuma lakwal ba ta da ikon rage wa yaro maki ko ta tsangwame shi a kan haka. Amma ka gaya wa malamarsa da bakinka, tun da wuri, kafin a ba shi baiti a waƙa ya kwana biyu yana haddacewa. Kada ka aiki yaro ɗan shekara 6 da saƙon da kai babba kake jin nauyin faɗa.

A gida kuma ka zaunar da shi ka yi masa bayani ba tare da zagin kowa ba, domin a watan Janairu zai koma benci ɗaya da waɗannan yaran. Ka ce masa mu namu bikin shi ne Sallah, su ma nasu ke nan. Ranar kuma kada ya wuni yana jin kiɗa daga nesa. Kai shi gidan tarihi na Bubu Hama ya ga zaki da dorina, ko gidan kakarsa, ka riƙa masa ɗan wani abu a hannu. Game da kadonsa da ya rage a lakwal, duba tambaya ta ƙarshe.

Mu Kirista ne, lakwal ɗin ƴarmu ba ta yin komai. Za mu iya aika alawa aji?

Ku tambayi malamin ajin tukuna, shi ya san iyayen. In ya ga ba damuwa, cincin ko biskit ya isa, a raba lokacin shan iska ba tare da wani jawabi ba. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu, ai da Layya cinya ke ƙetare katanga zuwa gidajenku, da Nowel kuma kwanon shinkafa ya ƙetaro. In ya ce a bari, kada ku ɗauke shi ƙiyayya. Ku gayyaci ƙawayenta gida ta hannun iyayensu.

Karo-karon da ake nema dole ne? Nawa ya dace?

Ba kuɗin karatu ba ne, bai kamata a kori yaro ko a riƙe sakamakonsa saboda shi ba. Nawa ya dace kuwa, a auna da aljihun wanda ya fi kowa rauni a lakwal ɗin. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan sefa 42,000 ne tun 2024, kuma ba kowa ke samun ko hakan ba. Uban da ke da yara uku a lakwal ɗaya, in aka ce kowane kai jika 5, wato sefa 5,000, an ci masa fiye da sulusin wannan albashi a rana guda, ga sauran kuɗin makaranta na jiransa bayan hutu. A ganina jika 1 zuwa 2 ya wadatar, wanda Allah ya hore wa ya ƙara a asirce.

Kuɗin su bi ta hannun ƙungiyar iyaye tare da darakta, a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a liƙa a allon sanarwa bayan biki. Abin da nake roƙo kada a yi shi ne karanta sunayen waɗanda ba su biya ba a gaban aji. Yaro bai ci bashin kowa ba.

Wa ya kamata ya sayi kado, iyaye ko lakwal?

Hanya uku na gani. Ko kowane uba ya sayo wa ɗansa ya kai lakwal a ɓoye, ranar biki a kira suna a miƙa. Ko yara su yi musaya tsakaninsu, wanda na yi bayaninsa a ƙasa. Ko a haɗa kuɗi lakwal ta sayi abu iri ɗaya wa kowa. Ta ukun na fi goyon baya, kuma ga dalilina.

Wata shekara muka bi hanyar farko. Ina da wani yaro a CP, mai natsuwa, babansa yana tura kura a kasuwa. Aka fara kiran suna. Wata yarinya ta samu keke har da ƙararrawa, wani ya samu mota mai batir. Shi yana zaune a bakin tabarma, tafin hannuwansa bisa gwiwa, duk sunan da aka kira sai ya ɗan ɗaga kamar zai tashi, ya koma. Buhun ya ƙare ba a kira shi ba. Na ruga aji na ɗauko kwalin alli mai launi daga teburina, na naɗe da ragowar takarda, na sa aka kira shi. Ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Na gode, Madam." Bai buɗe ba. Ranar da aka dawo hutu na tarar da kwalin a kan teburina, ko ɗaya bai taɓa ba. Ya ce, "Madam, allinki ne, na ajiye miki."

Tun daga ranar ban sake yarda a yi wannan tsari a ajina ba. Mai son saya wa ƴarsa keke ya saya, Allah ya ƙara buɗi, amma ya ba ta a tsakar gidansa. A filin lakwal, ƙunshin ɗan minista da na ɗan mai kura su zama girma ɗaya, takarda ɗaya.

Wane irin kado ya dace, kuma a ina ake samu da sauƙi?

Ga ƴan jardan da CI, fensir mai launi da littafin zane da ƴar ƙwallo. Ga CE da CM, wato aji uku zuwa shida, kayan awo na lissafi, ƙaramin littafin labari, gorar ruwa. Tunda lokacin ɗari ne, hular sanyi ko safa ko man shafawa kyauta ce da uwa za ta yi wa addu'a. In za a saya wa lakwal gaba ɗaya, mutum biyu daga ƙungiyar iyaye su je Babbar Kasuwa ko Wadata su yi sari tun farkon Disamba, kafin kaya su yi tsada. A ƙirga yara, a ƙara biyar a kai.

A guji bindigar roba mai harba ƙwaya, na ga ta kusa tsiyaye wa yaro ido. A guji abubuwan fashewa da yara ke kira petar. Ga ƙanana, a guji duk abin da zai shige baki, da kayan wasa masu ƙaramin batir mai kamar maɓalli, domin in yaro ya haɗiye shi yana ƙona maƙogwaro cikin awoyi kaɗan, sai asibiti da gaggawa.

An ce ƴata ta ciri sunan wata za ta saya mata kado. Yaya wannan yake?

Ana rubuta sunaye a ƴan takardu, kowa ya ciri ɗaya. Yana koya wa yaro bayarwa, ba karɓa kawai ba, shi ya sa nake ganin kyansa ga manyan azuzuwa. Amma sai an sa iyaka, misali kada ya wuce dala ɗari, wato sefa 500, kuma malami ya karɓi ƙunshin kwana biyu kafin biki don ya cike gurbin wanda bai kawo ba. In ba haka ba, matsalar da na ba da labarinta a sama za ta dawo ta wata ƙofa.

Abin da ya fi armashi shi ne a ce kowa ya ƙera da hannunsa. Yaran da ke yin motar gwangwani da waya a lungu, da ƴan matan da suka iya kitsa abin hannu da zare, ranar su ne gwanaye, kuma sau da yawa ba su ne ke zuwa na ɗaya a aji ba.

Mushe ko Madam fa, wato malaman aji, ana ba su kado?

Ba dole ba ne, kuma malamin kirki ba zai nema ba. In zuciyarka ta ba ka, jira sai an ba da sakamakon jarrabawa, don kada kyautar ta yi kama da toshiya. Gara iyayen aji su haɗu su yi abu ɗaya, turmin atamfa ko yadin shadda, da sunan kowa. A tuna da mai gadi da mai shara da matar da ke wanke ƴan jardan in sun ɓata jikinsu. Su ake mantawa kullum.

Me za a ci? Ina tsoron abin da za a ba yarana.

Tambaya ba laifi ba ce. A duk bukukuwan da na halarta ban ga an kawo naman alade ko giya wurin yara ba, kuma wajen mahauta ake sayo nama kamar kowa. Hanya mafi kwanciyar hankali ita ce iyaye mata, Musulmi da Kirista, su yi girkin tare a lakwal. Dafa-duka da ɗan nama, cincin, zoɓo ko lemun tsamiya da aka haɗa da ruwa mai tsabta. A rufe abinci saboda ƙura, a ajiye buta da sabulu.

Iyaye su gaya wa malama in yaro na da abin da jikinsa ba ya so, kamar gyaɗa. Masu emasi, wato sikila, sanyi da ƙishirwa na tayar musu da ciwo, don haka a sa musu rigar sanyi, a ba su ruwa akai-akai, kada a bar su suna rawa har su galabaita. Masu asma kuma a zaunar da su nesa da inda ƙafafu ke tayar da ƙura. A yayyafa wa filin ruwa tun da safe.

Ɗana ya tambaye ni ko Papa Nowel gaskiya ne. Me zan ce?

Gaya masa gaskiya, wasa ne, kamar yadda ake shigar tashe da azumi. Yaranmu ma ba su cika ruɗuwa ba, tun daga takalmi da murya suke gane mai gadi ne. Wanda ya tsorata da gemun ya fashe da kuka, kada a tura shi gaba don a ɗauki hoto, malama ta karɓo masa. Ni na fi son yaro ya san iyaye ne suka haɗa kuɗi suka saya, don ya san wanda zai yi wa godiya.

Ana ɗaukar hotunan yara ana sa wa a Facebook da WhatsApp. Zan iya hanawa?

Ƙwarai. Gaya wa darakta a rubuce cewa ba ka yarda a yi tallan lakwal da fuskar ɗanka ba. Kai ma in ka ɗauki naka, duba ko ƴaƴan wasu sun fito a ciki kafin ka watsa. In an ɗauko mai kiɗa, wani daga cikin iyaye ya saurari waƙoƙin tukuna, don ba duk abin da ake sa wa a gidan biki ya dace da kunnen ƴan shekara 7 ba.

Yaron da bai zo ba, yaya za a yi da kadonsa?

A rubuta sunansa a jiki, a kulle a kabad ɗin darakta. Wanda zazzaɓi ya kwantar, ko aka yi tafiya da shi ƙauye, a ba shi ranar da aka dawo, ko ya biya karo-karo ko bai biya ba, shi ne amfanin guda biyar ɗin da na ce a ƙara. Wanda kuma mahaifinsa ya hana shi zuwa, kada a miƙa wa yaron kai tsaye, don kada a sa shi tsakanin malama da uba. A tari uban a gefe a ce, "Alhaji, an raba wa ƴan aji fensir da littafin zane, ga na ɗanka, in ka amince." In ya karɓa, a cire takardar ado a ba yaron haka nan. In ya ce a bari, a ce masa ba komai, a sa kayan cikin na aji, yaron ya yi zane da su tare da kowa.